Noti Huɗu a Kan Hannun Tawada

Ina kwance ƙarƙashin wani janareta, giris har gwiwar hannu, wayata ta hau ruri a aljihu. Na share ta sau biyu. A na uku na ɗauka da niyyar in wanke mai kiran tas, sai na ji muryar manajan gidan buga takardun da ƙanina yake aiki, tana rawa.

"Injiniya, ka zo yanzu-yanzu. Inji ya kama hannun Tawada."

Tawada ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin da shida yana kan injin buga takarda. Tun yana saurayi baƙin tawada ya shige ƙarƙashin faratansa ya ƙi fita, shi ya sa sunan ya bi shi har yau. In ka ba shi takarda ido rufe, ya murza ta tsakanin babban yatsa da manuniya, zai gaya maka nauyinta, giram sittin ce ko saba'in ko tamanin, kuma ban taɓa ganin ya kuskure ba. Ni kuwa gyaran inji ne sana'ata, kuma injin nasu ni nake duba shi duk lokacin da ya yi tari. Ba na cika baki, amma ba a cika kirana sau biyu kan matsala ɗaya ba.

Ban san yadda babur ya kai ni ba. Na tarar da ma'aikata sun cika ƙofa, kowa na leƙe, babu mai yin komai. Na ratsa su da gwiwar hannu.

An riga an kashe wuta. Ɗakin na warin kananzir da tawada, rim-rim na takarda jibge har kusa da rufi. Ƙanina yana tsaye a rusune, ƙirjinsa manne da gefen injin, hannunsa na dama ya shige tsakanin rola biyu har ya wuce wuyan hannu. Tsumman da yake goge rolar da shi yana leƙowa ta ɗaya gefen, tare da kawunan yatsunsa, sun yi shuɗi-shuɗi. Jini kaɗan ne, wannan ma ya ba ni ƙarfin gwiwa, don ban san komai ba tukuna.

"Yaya," ya ce, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Ka ga abin da tsumma ya ja mini."

"Rufe mini baki. Sau nawa na ce ka daina goge rola inji na tafiya?"

Faɗa na yi masa don in ban yi faɗa ba kuka zan yi.

A jikin injin akwai liba mai jan kai, aikinta ke nan: in wani abu ya maƙale, ka ja ta, rolar sama ta ɗaga. Na kai hannu gare ta, sai idona ya sauka kan gindinta, na ga ɗigon walda, mai kyau, mai sheƙi, irin wanda hannu ɗaya ne a garin nan yake yinsa.

Wata shida da suka wuce Tawada ya dame ni da ƙorafi. Ƙugiyar da ke riƙe libar ta cinye, girgizar inji na sa ta zame, rola ta saki, rubutu ya fito dishi-dishi, a yi asarar takarda. Gyaran gaskiya shi ne a sa sabuwar ƙugiya, a jira ta mako biyu. Na ce masa jira na malalata ne. Na ɗiga mata walda a minti biyar, na ce na ɗan lokaci ne, na buga ƙirji na tafi. Daga ranar ban sake tunawa da ita ba.

Manaja ya matso. "Mun ja libar, ta ƙi motsi. A juya injin baya mana, Injiniya, kamar yadda ake yi in takarda ta cushe."

Abin da hannuna ya sani ke nan shi ma. Takarda ta maƙale, ka kama ƙafar juyi ta gefe, ka mayar da ita baya, ta fito. Na kama, na ɗan murɗa, bai kai faɗin yatsa biyu ba. Ihun da ƙanina ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba. Na saki ƙarfen kamar ya ƙona ni.

Sai a lokacin na tuna ina da 'ya likita. 'Yata ta fari ce, tana sashen gaggawa na asibitin da ke bayan tashar mota. Na kira ta, na gaya mata a gurguje.

"Baba, kun juya shi baya?"

"Kaɗan."

"Kar ku ƙara. Ko taɓa shi kar ku ƙara yi. Yatsun sun kumbura a can gefen, in kuka juya baya rolar za ta saɓule fatar hannun gaba ɗaya kamar safa. Ku sa masa kujera ya ɗora gwiwa, kar ku ba shi ruwa. Ga ni nan."

Ta kashe waya a kunnena, ita da ko zama ba ta yi in ina tsaye.

Minti goma sha biyar ta ɗauka, ni kuwa na yi su ina zagaya injin ina lissafi. In sa abin yankan ƙarfe in yanke waldar? Girgizarsa za ta bi rola ta shiga ƙashi, ga tartsatsi a ɗakin da ke cike da takarda da kananzir. In sa guduma da cizal? Kowane bugu a hannun ƙanina zai sauka. Saura hanya ɗaya. Rolar sama sifirin biyu ne masu ƙarfi suke danna ta ƙasa, ɗaya a kowane gefe, kowane sifirin kuma noti biyu ne suka ɗaure murfinsa. In na kwance noti huɗun, nauyin zai sauka.

Na ɗauko sufana, na ɗora a kan na farko, daidai lokacin da ta shigo da jakarta, wata nas na biye da ita da ledar ƙarin ruwa.

"Baba, ajiye sufanar nan."

"Ke, mutum na cikin azaba. Minti biyu na buɗe shi."

"Na ce ka ajiye."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni na koya wa yarinyar nan ɗaure igiyar takalmi, yau ita ce take daka mini tsawa a gaban mutane, a kan injin da na san cikinsa fiye da cikin ɗakina. Amma na ga idonta, babu raini a ciki, tsoro ne irin nawa. Na ajiye.

Ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashin rolar da fitilar waya, ta taɓa kawunan yatsun.

"Baffa, kana jin nan?"

"Kamar daga nesa."

"Nan fa?"

"A'a."

Ta miƙe ta ja ni gefe, ta rage murya. "Ka ga jinin bai zuba da yawa ba? Ba alheri ba ne. Gefen rolar ya yanka wuyan hannun, ina jin jijiyar jini ta tsage, ƙarfen ne ya danne ta ya toshe. In ka buɗe lokaci ɗaya, jinin zai yi tsartuwa, shi kuma a tsaye yake, ya galabaita. Zai faɗi, nauyin jikinsa ya fizge hannun kafin ya gama fita. Sai na sa masa ruwa, na ɗaure damtsen, sannan ka buɗe a hankali, yadda zan ga abin da ke fitowa."

"In kuma muka daɗe?"

"Yatsun ba sa samun jini. Ya yi kusan awa ɗaya. Ba mu da wata awar."

To, ka ji. A yi sauri a rasa mutum, a yi jinkiri a rasa hannu. Na ce mata ni ma ina da tawa damuwar: rolar nan in ka kwance gefe ɗaya ka bar ɗaya, ba ɗagawa take yi ba, karkacewa take, gefen da aka saki ya tashi, ɗaya gefen ya ƙara cizo. Hannun kuwa ya fi kusa da gefen hagu. Dole a bi notin a giciye, na gaba na hagu, na baya na dama, na baya na hagu, na gaba na dama, kowanne kwatar juyi, kamar yadda ake kwance kan injin mota don kar ya lanƙwashe.

Ta dube ni. "To haka za mu yi. Kai ka ƙirga naka, ni in ƙirga nawa. In na ce tsaya, ka tsaya ko da sufana na tsakiyar juyi."

Nas ta sami jijiya a hannun hagu ta sa ruwan, ta rataye ledar a jikin ƙusar kalanda. 'Yata ta yi masa allurar rage zafi, sannan ta naɗa masa abin awon jini a damtsen dama, ta riƙe robar hurawa a tafinta, a shirye. Aka kawo tebur aka tura ƙarƙashin ƙirjinsa, Manaja ya tsaya a bayansa ya rungume ƙugunsa don kar ya zame.

"Ta yaya za ka san gefen biyu suna tashi daidai?" ta tambaye ni.

Ido ba ya ganin bambancin da bai kai kaurin farce ba, shi kuwa ƙashi yana ji.

"Yaya," in ji Tawada, muryarsa ta yi kauri saboda allura. "Yanko kati. Ka sa a kowane gefe tsakanin rolar. In gefe ɗaya ya ci kati uku, ɗayan ma ya ci uku. Haka muke saita ta."

Mutum hannunsa na cikin inji, yana koya mini aikina. Na so in zage shi, bakina ya ƙi. Na yayyanka wani katin gayyata da ya lalace, na tara guntayen a aljihun riga.

Noti na farko ya juya lafiya. Na zagaya, na biyu ma haka. Na dawo, na uku ya yi ɗan ƙara ya bi. Na sake zagayawa na ɗora sufana a kan na huɗu, na gaba na dama, na ja. Ko gezau. Tsohuwar tawada ta shekara da shekaru ta bushe a kansa ta haɗu da tsatsa. Na ƙara ƙarfi har jijiyar wuyana ta tashi, ya ƙi.

Uku sun saki, ɗaya ya riƙe. Rolar ta fara ɗan karkata ke nan, na gani a fuskar ƙanina kafin in gani a kati.

A kowace rana ta Allah, maganin irin wannan notin guduma ce: bugu biyu a gindin sufana ya farka. Hannuna har ya kai kan gudumar da ke ɗamarata.

"Baba!"

"Na sani, na sani."

Na tsiyaya masa kananzir, na kankare gefensa da bakin wuƙa. Na ce a nemo mini bututun ƙarfe. Wani ya zaro ƙafar wata tsohuwar kujera, na zura ta a wutsiyar sufana don hannun ya ƙara tsawo. Na dafa ƙafa a gindin injin na fara ja, ba fizga ba, ja mai nauyi, a hankali, ina jin ƙarfen yana miƙa. Gumi ya shiga idona, ban da hannun sharewa.

Sai ya saki, ya yi ƙara kamar an karya busasshen itace. Bai tsaya a kwata ba, ya zarce rabin juyi da wani abu kafin in iya riƙe shi. Gefen dama ya tashi, gefen hagu ya dira kan hannun.

Tawada ya ƙwalla ƙara, gwiwoyinsa suka saki. Manaja ya riƙe shi da kyar, yana salati. Jini ya ɓalle ta ƙarƙashin rolar, ja wur, yana fita da bugu-bugu, ya bi farar takardar da ke kan farantin injin. 'Yata ta hau matsa robar nan da sauri har abin ya ɗaure damtsen tam.

"Tsaya! Baba, tsaya!"

"Ba zan tsaya ba! In na tsaya a nan rolar a karkace take, tana niƙa shi!"

Ta dubi rolar, ta dubi jinin da ya fara raguwa.

"Daidaita ta. Daidaitawa kawai."

Na ruga gefen hagu. Sufana ta kuɓuce mini sau ɗaya. Kwatar juyi a na gaba, kwata a na baya. Na zura kati: dama ya ci huɗu, hagu biyu. Na ƙara. Hagu uku. Na ƙara ɗan kaɗan. Huɗu da huɗu. Numfashin ƙanina ya sauka, ya kifa goshi a kan tebur.

"Baffa, yi mini magana," in ji ta. "Wace takarda kuke bugawa yau?"

"Ta jarrabawa," ya ce can ƙasa. "Giram saba'in. Kun ɓata musu ita."

Nas ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Daga nan muka kama tafiya tare. In yi zagaye ɗaya na noti huɗu, in auna da kati, in ce shida da shida. Ita ta taɓa wuyansa, ta dubi ledar ruwa, ta ce ci gaba. Takwas da takwas. Sau biyu ta tsayar da ni, na tsaya da sufana a sama kamar gunki har sai da ta gyaɗa kai. A kati goma sha huɗu na ga haske ya ratsa tsakanin rolar da fatarsa. Na cusa guntun katako a kowane gefe don ko sifirin ya yi gardama kar rolar ta dawo.

Ba ta bari ya ja hannun da kansa ba. Ta zura wani kwali mai santsi a ƙarƙashinsa, ta zame hannun a kai, ita da nas, kamar masu fitar da ƙwai daga kwando. Na gan shi sau ɗaya kafin su rufe da bandeji, na kau da kai. Ban ga abin da na sani a matsayin hannun ƙanina ba.

Awa biyar suka yi a ɗakin tiyata. Da la'asar 'yata ta fito ta same ni a kan benci, ta zauna kusa da ni, ta cire hular kanta.

"Hannun ya tsira. Ƙananan yatsu biyu sun tafi. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna nan, jini na zuwa musu, kuma za su yi motsi."

"Alhamdu lillahi."

"Amma jijiyar da ke kai ji ta daɗe a danne. Mun gyara abin da za mu iya. Wataƙila jin ya dawo a hankali, wataƙila ba zai dawo ba." Ta juyo ta dube ni. "Baba, me ya hana libar nan aiki? Da an ja ta a minti na farko, da wuya abin ya kai haka."

Da na so, da na ce tsohon inji ne, ba wanda zai musa mini.

"Ni na yi mata walda," na ce.

Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta dai ɗora hannunta a kan nawa, mai giris da busasshen jini, ta bar shi a nan har aka kira ta.

Bayan mako shida aka rage bandejin, yatsu ukun suka fito waje, sirara, fes, babu ɗigon tawada ko ɗaya. Na je gidansa da safe. Yana zaune a tabarma yana motsa su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya masa a asibiti. Na zaro wata takarda daga aljihu. Daga sabon rim na ciro ta a gidan bugawar, na karanta jikin kwalin da idona: giram sittin.

"Rufe ido," na ce.

Ya rufe. Na sa masa ita tsakanin babban yatsa da manuniya. Ya kama, ya murza ta, ya sake murzawa, ya daɗe.

"Tamanin," ya ce.

"Ka ci," na ce da sauri. "Tamanin ce. Ka ga ni, na gaya maka zai dawo."

Ya buɗe ido ya dube ni, ya yi ɗan murmushi.

"Yaya, tun muna yara ba ka iya ƙarya ba. Ban ji komai ba. Ban ma san tana hannuna ba sai da na ji ƙararta." Ya ajiye takardar a kan tabarma. "Ni na matsa maka ka yi waldar nan. Kar ka ɗauka kai kaɗai."

"Kai ka roƙa. Ni na san abin da libar take yi."

Hawaye suka zubo mini, a gaban ƙanina, ban tare su ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya tambaye ni abin da nake gudun wani ya tambaya tun ranar.

"Injina nawa ka yi wa irin wannan gyaran?"

Na ƙirga a zuci, ko da yake na riga na san adadin. "Uku. Ban da naku."

"Suna aiki yanzu?"

Na dubi agogo. Ƙarfe tara saura. A gidan bugawar da ke bayan kasuwa, ɗaya daga cikin ukun, tara daidai suke kunna inji, kuma mai aikin can ma da tsumma yake goge rola. Ban yi masa sallama ba. Na ɗauki jakar kayan aikina, na duba zarton ƙarfen da zan yanke waldar da shi yana ciki, na buga babur.